Umarar Inna da Rigimar Turai

Tun da na dawo daga Makka ban huta ba. A makaranta abokan aiki sun tsare ni a ɗakin malamai, a unguwa kuma duk wadda ta zo karɓar dabino da zamzam sai ta gyara zama ta ce, "To Malama Binta, ba mu labari." Na bayar har muryata ta dushe, kuma kullum a wuri ɗaya ake tsayawa: wai da gaske ne umara huɗu muka yi cikin azumi, da tsohuwa a kan keken tura marasa lafiya? Da gaske ne. Shi ya sa na zauna na rubuta yadda aka yi, duk mai tambaya in miƙa mata ta karanta, ni kuma in samu in ci abincina da zafinsa.

Sai na fara da mutanen gidanmu, in ba haka ba labarin ba zai fahimtu ba. Mu uku ne a wurin Inna. Yaya Habu ne babba, yana Ingila yana aikin gadi a wani babban kanti, ya daɗe har ya zama ɗan ƙasa. Ni ce ta tsakiya, ina koyarwa a firamare a nan Katsina. Autanmu Sani yana Italiya, a kamfanin jimar fata, shi ma bayan shekaru na wahala ya samu fasfonsu. A shekarar da muka yi umarar ne mutanen Ingila suka shirya ƙuri'a a kan ko su ci gaba da zama cikin ƙungiyar ƙasashen Turai ko su fice. Ni da ban taɓa ganin Turai ba sai a taswirar bangon aji, ƙuri'ar nan ta biyo ni har tsakar gidanmu.

Sani yana shirin kwashe matarsa da 'ya'yansa ya koma Ingila, don yaran su yi karatu da Turanci kuma su samu Islamiyya kusa. Da fasfon Italiya ba mai tambayarsa komai, matuƙar Ingila tana cikin ƙungiyar. In ta fice kuwa, ƙofar na iya rufewa. Shi kuma Yaya Habu ya auri Zainabu a nan Katsina, shekara ta uku ke nan an hana shi ɗaukarta: yau a ce albashinsa bai kai ba, gobe a ce sai ta ci jarrabawar Turanci. Yana kallon mutanen wasu ƙasashen Turai suna shigowa da iyalansu ba ko sallama, abin yana ci masa rai. Sai ya shiga jam'iyyar masu cewa a fice, har yana bin gida-gida yana raba takardunsu, don sun ce in an fita kowa layi ɗaya zai bi. Aka fara da musu a waya, aka koma gori, daga nan suka daina gaisawa gaba ɗaya.

Inna ba ta yi musu faɗa ba. Ta sa na kira su ɗaya bayan ɗaya, ta ce tana son umarar azumi, kuma tana son su biyun su tura ta a keke, kowa ya riƙe hannu ɗaya. Da na ajiye wayar ta ce mini, "Ba ni dawowa Katsina da ɗa guda, Binta. Maza biyu na haifa."

Muka bi kamfanin jirgin yawo, ni da ita, su kuma kowa zai taso daga inda yake mu haɗu a Jidda. Daga Katsina zuwa Kano a mota Inna ba ta runtsa ba, tana rungume da jakar tsarabar Gwaggo Rakiya, 'yar ƙanin babanta da za mu sauka wurinta. Kuka ce a ciki, da kuɓewa busasshiya, da yaji, da daddawa. Na naɗe daddawar nan da leda kusan biyar, amma tun kafin mu kai Bichi direba ya sauke gilashi. A filin jirgi ma'aikacin da ya buɗe jakar ya ja da baya, Inna ta ce masa, "Ɗan nan, da ita aka yi maka miyar da ta girmar da kai, rufe mani kayana." Ya yi dariya ya rufe.

Ni ma ranar na fara hawa jirgi, kuma ba zan ɓoye ba, murna kamar ta kashe ni. Da ya ɗaga na riƙe hannun Inna wai in kwantar mata da hankali, ashe ni ce mai tsoron. Ita abin da ya dame ta ɗaya ne, ina alƙibla. Da aka yi sanarwa mun zo daidai miƙati, jirgin ya ɗauki talbiya baki ɗaya, maza da mata, tsigar jikina ta tashi, na ɗaura niyya ina hawaye.

A Jidda muka gamu da matsalar farko. Sai an ɗauki hoton yatsun kowa a wata na'ura, yatsun Inna kuwa sun sha lalle, ga shi surfe da wanki na shekara da shekaru sun shafe zanensu. Na'ura ta ƙi. Jami'in, wani saurayi mai ɗan gemu, ya goge mata yatsu, ya danna, ya sake dannawa, yana ta cewa, "Marra taniya, ya hajja," wato a sake. Layi ya taru a bayanmu. Inna ta dube shi ta ce da Hausa, "Yatsun nan sun yi aiki kafin a haifi babanka, injinka ne rago." Bai ji ko kalma ɗaya ba, amma ya tuntsire da dariya, ya kira babbansu, aka duba fuskarta aka buga mata hatimi.

Muna fitowa na hango su. Yaya Habu a wannan gefe, Sani a wancan, kowa cikin farin harami, tsakaninsu kujeru uku ba kowa. Na ce a raina yau za a yi abin kunya a ƙasar mutane. Sai ga Sani ya durƙusa ya gaida Inna, ya juya ya ce, "Yaya, an sauka lafiya?" Yaya Habu ya ce, "Lafiya lau, ya iyali?" Na saki baki. A nan Inna ta ce matafiya sai da shugaba, ta nuna Yaya Habu ta ce shi ne amirun tafiya. Na ga muƙamuƙin Sani ya motsa, amma ya haɗiye. Sai daga baya na gane dalili: mai harami ba ya jayayya, su biyun kuma sun san haka.

Wani abu ya faru a wurin da ya ba ni dariya ya kuma ba ni tausayi. Yaya Habu ɗan fari ne, Inna ba ta taɓa kiran sunansa ba tun da ta haife shi, sai dai "kai" ko "wancan". Tana naɗa shi sai ta samu sunan kira. "Amiru, ɗauko jakar." "Amiru, ina motar?" Tun daga Jidda har Makka bakinta bai huta da kiran ba, shi kuma ƙaton mutum mai furfura yana amsawa baki har kunne.

Unguwar Mansur muka nufa mu ajiye kaya. Jama'a, in an rufe miki ido an sauke ki a titin nan, rantsuwa za ki yi kina cikin Kano. Ga mai masa, ga mai fura, ga tela yana jin wa'azi da Hausa, wani na ciniki da Zabarmanci, allunan shaguna ne kawai da Larabci. Gidan Gwaggo Rakiya tsohon bene ne a kan tudu, matakalarsa ƙunci kamar ta hawa rumbu. A ƙasa take sayar da tuwo da miya, a sama take kwana. Ta rungume Inna suna kuka, sannan ta juyo mana: "Yalla ku shigo, mafi mushkila, gida naku ne. Wa ya ɗauko mani daddawata?" Hausarta rabi Larabci ce, jikokinta kuwa sai ka yi magana sau biyu su amsa maka da "aiwa".

Ba zan iya kwatanta ganin Ka'aba na farko ba, kuma na daina ƙoƙari. Duk addu'o'in da na haddace tun daga Katsina suka gudu, na tsaya ina ta cewa alhamdu lillahi kamar ita kaɗai na sani. Masu keke a bene suke ɗawafi, can muka hau. Yaya Habu ya kama hannun dama, Sani ya kama na hagu, kamar yadda Inna ta ce. Sai dai kowa da irin turinsa, keken ya riƙa karkacewa yana neman ƙafafun mutane, wani Bature mai jan gemu har sai da ya yi tsalle. Ba wanda ya ce wa ɗan'uwansa kanzil. A Safa da Marwa, wurin koren fitilu inda maza ke sassarfa, suka ruga da keken, Inna ta riƙe mayafi tana dariya tana cewa su ƙara. Na daɗe ban ji dariyarta irin ta ranar ba.

Aka gama, suka je wurin masu aski aka yi musu ƙwal, suka sa jallabiya. Muka koma gida buɗa-baki. Gwaggo ta jera dabino, da sambusa, da wata miyar alkama da suke kira shurba, ga tuwon shinkafa miyar kuka da daddawarmu. An sha ruwa ke nan, ko salla ba a tayar ba, Sani ya ajiye kofi.

"Inna, ni fa ban yarda da amircin nan ba."

"Mi ya yi maka?" in ji Inna.

"Mutumin da ke bin gida-gida yana cewa a raba gari da maƙwabta, shi zai shugabanci tafiya? Jam'iyyarsu ko unguwa bai kamata a ba ta ba, balle ƙasa. Wanda bai iya zama da mutane ba ya za a yi ya riƙe mutane?"

Yaya Habu ya ce, "Zama da maƙwabci daban, miƙa mashi makullin gidanka daban. Mulki ai asibiti ne da makaranta da tsaro. Don mutum ya ce shi zai riƙe ƙofarshi sai a ce bai iya mulki ba? Ƙasashe nawa ne ba su cikin ƙungiyar, kuma suna zaune lafiya?"

"Yaya, ka dubi hotunan da suke mannawa. Irinmu suke nunawa suna tsorata mutane. Ka ɗauka in sun gama da ni kai za su bari?"

"Akwai marasa kirki a ciki, ban musa ba. Naku ɓangaren duka waliyyai ne? Shekara uku matata na zaune a Katsina, wa ya taɓa tambayata a cikinsu?"

Murya ta hau, har Malam Nura, wani ɗalibin fiƙihu ɗan Funtuwa da ke haya a ɗakin ƙasa, ya leƙo ya ga ko lafiya. Gwaggo ta buga ludayi a bakin tukunya. "Halas, ya isa. Tun ina budurwa nake garin nan, na haifa na aurar, har yau igama nake sabuntawa, ita ce takardar zamana. Ku masu fasfo bibbiyu kun zo kuna mani faɗa a kan wace ƙofa za a buɗe maku. Ku ci tuwo." Suka ci, amma kowa ya juya wa ɗan'uwansa ƙeya.

In an tambaye ni wa nake goyon baya, har yau ban da amsa ɗaya. Muna da dangi a Maraɗi, ta Jibiya muke wucewa mu je suna mu dawo a yini, duk wanda ya ce zai rufe mana hanyar nan ba zai ga ƙuri'ata ba. Ta nan ina tare da Sani. Amma kuma ni ce nake ganin Zainabu kullum da yamma a tsakar gida da littafin Turanci na 'yan aji huɗu, tana maimaitawa tana share hawaye. Ta nan kuma ba na iya ce wa Yaya Habu ya yi shiru.

Inna ta bari suka lafa, sannan ta yi tambaya ɗaya. "Amiru, in kun fita, mi mutanen naku suka ce za a yi da waɗanda ke tsakiyar hanya, irin ƙanenka?"

Yaya Habu ya sosa ƙeya ya ce, "Ba su fayyace ba tukuna, Inna. Sai an ci."

"To," in ji ta. Sannan ta ce, "Jibi za mu yi wa marigayi babanku umara. Ku wanke haraminku."

Haka aka yi. Wanda ke cikin Makka in zai sake umara sai ya fita Tan'im, bakin iyakar haramin Makka, ya ɗauro niyya a masallacin can. Muka ɗauki tasi da sassafe. Suna ɗaura fararen zannuwan nan musu ya ɗauke, sai "don Allah miƙo mani" da "na gode". Aka yi ɗawafi, aka yi sa'ayi, keke bai karkace sosai ba. Aka aske ɗan gashin da ya fara tsirowa, aka sa jallabiya, kafin la'asar an koma kan jam'iyya.

A tsakanin nan na ɗan ga gari. Buɗa-baki a Masallacin Harami abin kallo ne: ana shimfiɗa leda doguwa, mutane na jan hannun rigarki suna roƙon ki zauna a tasu, mu da muka saba mai abinci ake roƙo. Sahur kuma wake ne dakakke da wani faffaɗan burodi mai zafi, da farko na raina shi, daga baya ni ke tashin Sani ya je layi. Wata maƙwabciyar Gwaggo Balarabiya ta gayyace mu shan gahawa, ɗan kofi kamar murfin kwalba, ɗaci kamar maganin zazzaɓi. Ina shanyewa don kunya tana ƙarawa, ina shanyewa tana ƙarawa. Sai da cikina ya fara kaɗawa Gwaggo ta raɗa mini cewa girgiza kofin ake yi in an ƙoshi. Na ce ai sai ki faɗa tun a na biyu, ta ce tana son ta ga iya inda 'yar boko za ta kai.

Rigima ta sake zafi, har Sani ya ce zai koma otal. Inna ta ce akwai umarar kakarmu. Malam Nura ya zo da ladabi ya durƙusa ya ce, "Hajiya, a mazhabarmu maimaita umara a shekara ɗaya ba a so, ga azumi, ga zafi, ga shekaru." Inna ta ce, "Na ji, Malam, Allah ya ƙara sani. Gaba tsakanin 'yan'uwa fa, ana so?" Ya dube ta, ya dubi ƙofar ɗakin su Yaya, ya ce Allah ya karɓa, ya sauka. A lokacin na gane abin da tsohuwar nan take yi. Ta ga ba abin da ke ɗaure bakin 'ya'yanta sai harami, ta ƙudura za ta yi ta sa su a ciki har su tuna yadda ake zama tare.

Amma jikinta ne ke biya. Bayan ta uku ƙafafunta suka kumbura, abinci sai ta taɓa ta ture, kuma ta ƙi ajiye azumi. Na roƙe ta, na yi fushi, na ce zan faɗa musu. Ta ce in na buɗe baki ba ta yafe ba. Ranar da mutanen Ingila ke jefa ƙuri'a gidan ya zama kamar gidan dambe, kowa da waya a hannu. Yaya Habu ya riga ya aika tasa ƙuri'ar ta gidan waya kafin ya taso, Sani kuma da ya ji haka ya tashi daga kan tabarma da kwanonsa. Inna ta ce gobe Juma'a akwai umara, wannan karon ta ƙanwarta da ta rasu.

Da safe muna Tan'im. Sun ɗaura niyya, mun shiga tasi muna talbiya, sai wayoyinsu suka fara ƙara a tare. Yaya Habu ya duba, Sani ya duba. Ba sai an faɗa mini ba, fuskar Sani ta nuna: masu ficewa sun ci. Ya kifa wayar a cinya ya juya yana kallon taga, ina ganin hawaye na bin gefen hancinsa.  Wanda ya ci ba halin murna, wanda ya faɗi ba halin zagi, direba kuwa ɗan Pakistan sai ƙara mana talbiya yake da ƙarfi.

Ranar cunkoso ya wuce na kullum. Aka gama ɗawafi da ƙyar. Muna cikin sa'ayi, a zuwa na biyar, na ga carbin Inna ya zame ya faɗi, kanta ya langaɓe gefe. Na ƙwalla kira. Sani ya tare mutane da bayansa, Yaya Habu ya ruga ya ɗebo zamzam, ya durƙusa yana shafa mata a fuska. Ta buɗe ido da ƙyar. Ya kai kofin bakinta ta kau da kai, wai azumi.

"Inna, ke kika naɗa ni," in ji shi. "Amiru ya ce ki sha."

Ta dube shi, ta sha.

Ni kuma a nan haƙurina ya ƙare. Ina cikin harami, ta kuma ce kada in faɗa, amma na faɗa, daga baya na nemi gafarar Allah da tata. Na ce, "Ku dube ta da kyau. Kun ɗauka don matattu take wannan wahala? Don ku ne. Ta ga ba ku iya zama kamar 'yan'uwa sai an naɗe ku da farin zane, shi ya sa take kashe kanta. Ingila ta fita, to ta fita. Ku sai ku zaɓa, ku fita da uwarku a keke ko a makara." Wata mata 'yar Indonesiya da ba ta ji abin da na ce ba ta riƙa shafa mini baya.

 Ma'aikatan lafiya suka duba ta suka ce gajiya ce da ƙishirwa, ta huta. Ta huta, ta ce sai ta ƙarasa. Suka kama keken, kuma daga nan har Marwa ya tafi sak, ko a koren fitilu ba su yi gudu ba.

Shagunan aski sun cika maƙil saboda Juma'a, ga Inna na bukatar kwanciya, sai muka wuce gida da haraminmu. Na datse wa Inna bakin gashi na datse nawa. Yaya Habu ya sayo reza a shagon ƙasa, ya tambayi Malam Nura, ya ce masa tunda an gama sa'ayi ya halatta su yi wa juna. Suka zauna a saman matakala, daidai ƙofar ɗakin da Inna ke kwance. Ni da Gwaggo muna tsaye, don mun san da rezar nan ta bi kai harami ya ƙare, baki ya buɗe.

Yaya Habu ya riƙe rezar bai miƙa ba. Ya ce, "Sani, bari in yi magana tun ban fita harami ba, don ka san ba musu nake ba. Inna ta yi mani tambaya ban da amsa. Har yanzu ban san mi mutanenmu za su yi da na tsakiyar hanya ba, kuma in sun ƙi tunawa da su, ni ma zan ce ba su cancanta ba. Amma ba yau za a rufe ƙofar ba, abin zai ɗauki lokaci. Ka kwaso iyalinka bayan salla. Ɗakin da na gyara ma Zainabu yana nan, na yi fenti, na sa labule, ba wanda ya taɓa kwana ciki. Ku zauna har ka samu aiki."

Sani ya ce, "In takardarta ta fito fa?"

"In ta fito ta tarar da gida da mutane. Ya fi ta tarar da ni ni kaɗai."

Sani ya gyara zama. Sannan ya ce, "Ni dai har gobe ina nan a kan bakana, jam'iyyarku ba ta cancanci mulki ba."

"Ka yi ta faɗa. Sai dai a teburina za ka riƙa faɗa, kana cin abincina."

Gwaggo ta ce, "Yalla, ku yi askin nan, tuwona na kan wuta." Kan Yaya Habu ya sha aski uku a jere, ba abin da ya rage sai ƙyalli, amma dole reza ta bi. Sani ya karɓa, ya jiƙa hannu da ruwa, ya tsaya a kansa.

"Amiru," ya ce, "sunkuyo."

Daga cikin ɗaki muka ji muryar Inna, a raunane amma sarai: "Binta, ki ce ma Malam Nura ya kwantar da hankalinshi. Na gama umara."

Sauran kwanakin a zaune ta yi su, daga gida sai Harami da yamma, tana ciyarwa maimakon azumi bisa umarnin Amiru. Musu bai mutu ba, ko a motar komawa Jidda sai da aka taɓa, amma irin wanda ake yi ana miƙa wa juna dabino. A filin jirgi suka raka mu har inda aka tsayar da su, su biyu da kawuna kamar ƙwarya, suna ɗaga hannu.

Masu tambaya ko jam'iyyar ta cancanta ko ba ta cancanta ba, ku tari Sani ko Yaya Habu, amma ku tanadi kati mai yawa a waya. Yanzu haka yaran Sani suna kwana a ɗaki mai sabon labule a Ingila, Zainabu kuma tana nan tare da mu, ta kai littafin 'yan aji shida, ni ke yi mata bita. Jiya da yamma wayar Inna ta yi ƙara, na duba na ce mata Yaya ne. Ta karɓa ta kara a kunne, ta ce, "Amiru, ƙanenka na kusa? Ba shi mu gaisa." Muna ji ya ɗaga murya ya kira shi daga ɗaya ɗakin.